Tsakanin Mama da Kwano

 Iyaye mata da ke tsakar gida a wannan lokaci, wata na tankaɗe, wata na shara da goyo a bayanta, da ku iyaye maza da ke shago ko bakin kasuwa da rediyo a gefe, ku matso kusa. Maganar yau ta shafi duk gidan da aka taɓa raɗa suna a cikinsa. Maganar yaye ce.

Bari in fara da abin da ya faru a ɗakina. Ɗana na fari yana da wata 16 na fahimci ina da ciki. Ban faɗa wa kowa ba, amma idon manya ba ya kuskure irin wannan. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta zo wuni, ta dube ni, ta dubi yaron yana shan mama, sai ta ce, "'Yar nan, kwanika kika yi. Gobe da sassafe a kai mini shi, kada ya sha ciki." Na ce, "To, Inna." Me zan ce? Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira a gaban mutane, balle in buɗe baki in ce ina tausayinsa. Washegari aka goya shi aka tafi. Yaron da jiya ya sha mama ya fi sau takwas tsakanin dare da rana, yau ko ɗigo babu. A kwana na uku ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni, ko hannu ba na iya ɗagawa. Shi kuwa can ya rufe baki ya ƙi kunu, ya ƙi tuwo, sai kuka. Da aka dawo da shi bayan mako uku, wuyansa ya zama siriri, gudawa ta tsotse shi, ya dube ni ya kau da kai. Allah ya raya shi, yau ga shi nan ya zama saurayi. Kuma har ga Allah ban taɓa riƙe Inna a zuciya ba, don ƙauna ce ta sa ta yi haka, abin da ta gada ke nan, ta kuma yi imani ceton jikanta take yi. Amma tun daga ranar nake neman sanin yadda ya kamata a raba yaro da mama ba tare da an jefa shi da uwarsa cikin wannan hali ba.

A bakinmu yaye rana ɗaya ce. Za ka ji an ce ranar Juma'a aka yaye wane, ko da ganin watan kaza za a yaye wance. A jikin yaro kuwa tafiya ce ta kusan shekara ɗaya da rabi, daga ranar da aka sa masa cokalin farko a baki zuwa ranar da ya saki mama. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar da ake bi har yau: wata 6 na farko nonon uwa zalla, ko ruwa babu, daga wata 6 a fara abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Mu wannan adadi ba baƙo ba ne a gare mu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, ta ɗora ciyar da mai shayarwa a kan uba, ta kuma haɗa batun yaye da yarda da shawara tsakanin iyayen biyu. Zan dawo kan wannan shawara, domin ku maza kuna da kaso a ciki.

Me ya sa wata 6? A daidai nan ne yawancin yara ke iya zama in an tallafe su, wuya ya tsaya, suna kai hannu ga abin da uwa ke ci, harshe ya daina turo duk abin da aka sa masa waje. A daidai nan ne kuma ajiyar sinadarin ƙarfe da jariri ya fito da ita daga ciki take ƙarewa, shi ne sinadarin da jini ke ginuwa da shi, kuma nonon uwa, duk da albarkarsa, kaɗan yake ɗauke da shi. Yaro ya ƙara nauyi, ya fara juyi da rarrafe, buƙatarsa ta wuce abin da mama kaɗai ke bayarwa. Giɓi ya buɗe, abinci ne zai cike shi.

To amma ku saurari wannan da kyau. Tsakanin wata 6 zuwa shekara, nonon uwa yana iya ba yaro rabin ƙarfin da jikinsa ke buƙata ko ma fiye. Tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu yana ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku. Uwar da ta yanke mama rana ɗaya ga ɗan wata 15 ta cire kashi ɗaya cikin uku na cimarsa a dare guda, kuma kashin da ya fi kowanne tsabta, mai ɗauke da garkuwar cuta. Sai a tambaya, me aka zuba a gurbinsa?

Sau da yawa amsar ita ce koko. A nan nake so in daɗe, don a nan yawancin 'ya'yanmu ke faɗuwa. A dama gasara da ruwa mai yawa, ya yi tsululu don ya bi ta fida ko ya wuce maƙogwaro da sauƙi, a zuba sukari, a ba yaro ya sha har cikinsa ya yi tumbi, uwa ta ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Cikin ɗan wata 8 bai wuce ɗaukar mililita 200 ba, wato bai cika kofin shayi ɗaya ba. In kika cika wannan ɗan wuri da kokon da yawancinsa ruwa ne, ya ji ya cika, ya ƙi mama, amma abin da ya shiga jikinsa bai kai nonon da ya rasa ba. Kin yi masa musanya ta hasara ba ki sani ba. Wata biyu, wata uku a haka, sai a ga yaro ya tsaya cak, ba ya gaba, sai a fara cewa mayu ne, ko baki ne, ko shawara ce.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar ko sisi. Ki ɗebi kunun a cokali ki karkata shi. In ya zube sharr kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokalin yana saukowa a hankali, to wannan ne abincin yaro. Sannan kaurin kaɗai bai isa ba, sai an sa masa abin gina jiki. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin waken suya da aka soya, ɗan cokalin manja ko man gyaɗa, garin busasshen kifi da aka daka aka tankaɗe, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, garin zogale, kabewa da aka dafa ta yi lugub. Duk waɗannan a kasuwar ƙauye ake samunsu, wasu ma a bayan ɗaki suke. Garin nan da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata haɗawa, wanda ake kira Tom Brown a Najeriya, da ɗan'uwansa Misola da aka sani a Nijar da Burkina Faso, ba komai ba ne illa gero ko dawa ko masara da waken suya da gyaɗa, a soya, a niƙa tare. Mace na iya haɗa na mako biyu ta rufe a roba mai murfi. Abu ɗaya kawai, a tsince gyaɗar tsaf, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, domin tana ɗauke da guba mai lahanta hanta.

Wata uwa za ta ce, ai in na yi da kauri ba ya iya haɗiyewa. Akwai dabara, kuma masu kunun zaƙi sun daɗe da saninta. A jiƙa gero ko dawa ya yi tsiro, a shanya, a niƙa. In kin dama kunu mai kauri kin sauke, ki barbaɗa ɗan garin tsiron nan ki juya, za ki ga ya saki ya yi laushi ba tare da kin ƙara ruwa ba, sai ki mayar wuta ya ɗan tafasa. Ƙarfinsa na nan, shansa ya yi sauƙi.

Sai batun ƙwai da nama. Har yau akwai gidajen da ake cewa in yaro ya saba da ƙwai zai yi sata. Na ji wannan da kunnena, daga bakin mutanen da nake girmamawa. Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya lalata ba, amma na ga yara da yawa da ƙarancin jini ya mayar da tafin hannunsu fari fat, alhali kaji na yawo a tsakar gidan, ana tara ƙwan ana kai wa mai shayi. Hanta 'yar kaɗan, a dafa a murƙushe a cikin fate, ta fi kowane abu da ke kicin ɗinmu ƙara wa yaro jini. Kuma mu faɗi gaskiya, a yawancin gidajenmu tsokar da ke cikin miya kwanon maigida take tafiya, yaro sai romo. Mutumin da ya gama girma shi ke cin abin gina jiki, wanda ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ke kan ginuwa yana lasar miya.

Game da yawa, ba a farawa da kwano. Cokali biyu ko uku, sau 2 zuwa 3 a rana, tsakanin wata 6 zuwa 8. Daga wata 9 a kai sau 3 zuwa 4, kusan rabin kofi a kowane zama, abincin kuma ya fara zama mai ɗan gudaji, da abin da zai riƙe da hannunsa kamar ayaba ko dafaffen dankali. Daga shekara ɗaya ya shiga tukunyar gida, tuwo mai laushi da miyar kuka, faten wake, dambun zogale, a ƙara masa 'yar gwanda ko mangwaro tsakanin abinci. A ba shi kwanonsa shi kaɗai. In aka haɗa shi da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share. Zuma a jira sai ya cika shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya tana shaƙe yaro. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, lemon kwalba da biskit kuwa suna kashe masa sha'awar abinci ne kawai.

Yanzu ga tambayar da mata suka fi yi mini: to yaya zan rage maman? A watannin farko ba ke za ki rage ba. Ki ci gaba da ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, abincin yana zuwa a matsayin ƙari. Yayin da cinsa ke ƙaruwa, shi da kansa zai riƙa tsallake wani shan, ko ya sha kaɗan ya sauka ya koma wasa. Jikin mace kuwa Allah ya tsara shi da ma'auni: gwargwadon yadda ake tsotsa, gwargwadon yadda nono ke zuwa. In tsotso ya ragu a hankali, nono ya ragu a hankali, babu kumburi, babu zazzaɓi. Abin da ya same ni a kwana na uku ya faru ne saboda jikina yana ta haɗa nonon sha takwas, babu mai sha.

Bayan ya wuce shekara, sai ki juya tsarin, abinci ya riga mama. In lokacin yaye ya matso, ki zaɓi sha ɗaya, wanda bai fi damuwa da shi ba, yawanci na hantsi ko na azahar, ki maye gurbinsa da abinci da ruwa mai tsabta a kofi. Ki tsaya a haka kwana huɗu, biyar, ko mako guda, har jikinki da nasa su saba, sannan ki cire na gaba. In bai nema ba kada ki tuna masa. In ya nema da gaske, musamman in ya faɗi ko ya tsorata, kada ki ture shi. Ki guji zama a wurin da kika saba ba shi, don yaro yana gane tabarmar da kujerar. Yayarsa ta ɗauke shi su zaga, ko babansa ya fita da shi ƙofar gida. Shan kwanciya barci da na asuba su ne na ƙarshe, domin a wurin yaro waɗannan sun wuce abinci, su ne natsuwarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

In duk da haka ƙirji ya cika yana ciwo, ki tatse kaɗan, daidai yadda za ki ji sauƙi, kada ki tatse duka don jiki zai ɗauka ana buƙata ya ƙaro. Ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki ɗaure ƙirji tamau da zane. In kika ga wuri ɗaya ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, wannan ya wuce dabarar gida, ki tafi asibiti a ranar, kafin ya tara ruwa a kai ga tsagawa.

Shafa maɗaci ko barkono a kan mama don yaro ya tsana, ina roƙon mu bari. Ku tsaya ku dubi abin ta idon yaron. Wurin da ya fi aminta da shi a duniya, tun ranar da aka haife shi, yau ya kai baki ya ji wuta. Bai san laifin da ya yi ba. Addu'a kuwa a yi ta, a yi wa yaro, a yi wa uwa, babu mai hana wannan. In ma wani abu za a ba shi ya sha, a tabbata ruwan mai tsabta ne.

Mu koma kan kwanika, tunda ita ce ta raba ni da ɗana. A farkon shekarun 1930 wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a asibitin yara a birnin Accra na ƙasar Ghana ta yau. Ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na saɓulewa, yawancinsu an cire su daga mama an bar su da kunun masara. Ta tambayi mutanen wurin, 'yan ƙabilar Ga, suka ce mata sun san ciwon, sunansa kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaron da ƙaninsa ya ture. A 1935 ta rubuta sunan a mujallar likitoci, duniya ta ɗauka har yau. Kun ga, su ma sun lura da abin da kakanninmu suka lura da shi: in uwa ta yi ciki, na hannu yakan lalace. Lurar daidai ce. Inda aka sami kuskure shi ne dalilin. Muka ce nonon ciki ne ya zama guba. Alhali abin da ke faruwa shi ne, nonon yana raguwa in ciki ya yi nisa, ɗanɗanonsa ya canza yana komawa dakashi, uwa ta gaji, sannan a fizge yaron gaba ɗaya a miƙa shi ga koko. Yunwa ce ke kayar da shi. Mace mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa tana ragewa sannu a hankali, ta ƙara cin abinci ita ma. Wadda ke zubar jini, ko ta saba ɓari ko haihuwar bakwaini, ita ce za ta nemi shawarar ma'aikaciyar lafiya a wurin awo tun da wuri.

Akwai kuma abin da ya kamata kowace mai goyo ta sani. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne da sharaɗi uku a haɗe: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ranar da cokali ya shiga bakin yaro, wannan kariya ta fara warwarewa. Don haka lokacin fara abinci shi ne lokacin da miji da mata za su zauna su yi maganar tazarar haihuwa, su je a ba su shawara. Masana lafiya suna son a sami aƙalla shekara 2 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Da na san wannan a lokacin, da wataƙila ɗana ya cika shekara biyunsa.

Wani abin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da fara abinci shi ne gudawa, mu kuma mun riga mun ba ta suna, mun ce haƙori ne. Haƙori yana sa dasashi ƙaiƙayi, yana sa dalala da ƙyuya. Amma lokacin fitowarsa ya zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, daidai da lokacin da aka fara ba shi kunun da aka dama tun safe ya wuni a fida cikin zafi. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo gudawar. In muka ce haƙori ne sai mu zauna muna jira ya fito, yaro na tsiyayewa. Fida tana da wuyar wankewa, kofi da cokali sun fi ta. Abin da aka dafa ya wuce awa 2 a ajiye, a sake tafasa shi. A wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaro. In gudawar ta zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ake kira ORS, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, sannan mama, mama, mama. Yaro marar lafiya yakan ƙi komai amma ya karɓi mama, kuma sau da yawa ita ke riƙe da ransa har ya farfaɗo. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a yi jinkirin rabuwa da ita. Ba a yaye yaro yana ciwo, ko yana tashi daga ciwo.

Ɗura ma mu yi magana a kanta. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a zuba koko ta tafin hannu yana shure-shure yana haɗiya don neman numfashi. Uwar da ke yi tana yi ne don tsoron kada ya kwana da yunwa, na sani. Amma kokon na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, kuma an yi asarar yara ta haka. Wanda ya tsira kuma yakan tashi yana ganin kwano ya fara kuka. Yaro yana iya ƙin sabon abinci sau takwas, sau goma, kafin ya karɓa. A zaunar da shi, a dube shi a fuska, a yi masa wasa, a ci a gabansa. In ya kau da kai a bari, a sake gwadawa an jima.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, uwa na gona, a nan ne cibiyoyin tamowa ke cika. A shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasari a yankin Maraɗi, kuma mafi yawansu ƙanana ne da ke cikin waɗannan shekaru na yaye. Maraɗi kuwa yankin noma ne. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin yara 'yan wata 6 zuwa 23, kashi 11 kacal ke samun abincin da ya kai mafi ƙarancin ma'auni ta fuskar yawa da iri-iri. Tsumburewar nan yawanci a tsakanin mama da kwano take faruwa, kuma in yaro ya wuce shekara 2 da ita, da wuya a maido abin da ya rasa. In da hali, a ɗaga yaye zuwa kaka, lokacin da sabon gero da wake da gyaɗa suka shigo gida. A kuma riƙa kai yaro awo. Akwai ɗan ma'aunin da ake naɗawa a damtse mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafu biyu suka kumbura, a ranar za a tafi asibiti, maganin yana nan.

Iyaye maza, na ce zan dawo gare ku. Shawarar da aka ambata a ayar nan da ku ake yinta. Malam, ka san sau nawa ɗanka ya ci abinci jiya? Ka san abin da ke cikin kununsa? In ka tsaya wurin mai shayi da safe za a soya maka ƙwai biyu, ka sa ɗaya ɗanye a aljihu ka kai gida. In ka sayi tsire, ka ce a yanko maka 'yar hanta. Kuɗin cefane in ya zo, a ware na gyaɗa da waken suya. Kuma in mahaifiyarka ta ce a kawo mata yaro gobe, matarka ba za ta iya musa mata ba, kai ne za ka iya zama kusa da ita cikin ladabi ka ce, "Inna, a ƙara mana wata biyu mu rage masa a hankali, in ya saba da tuwo ni da kaina zan kawo miki shi."

Ku kuma iyayenmu kakanni, babu mai son raba ku da jikokinku, kuma hannunku yana da albarka a wannan aiki, don yaro yakan karɓi abinci a hannun kaka fiye da hannun uwar da yake jin ƙamshin nono a jikinta. Abin da nake roƙo shi ne a sauya tsarin tafiyar. Kaka ta fara zuwa, ko a riƙa kai mata shi wuni ana dawowa da shi kwana, ya saba da kwanonta da muryarta tun yana shan mama. In ranar tafiya ta zo, ya zamana saura sha ɗaya ko biyu ya rage, kuma ya san inda za shi.

Da 'yata ta uku haka muka yi. Mun fara da cokali biyu na kunun gyaɗa tana wata 6, ta tofar da rabi. Tana shekara ɗaya da rabi ta bar shan rana da kanta, sai na dare. Na kwanciya barci babanta ya karɓe shi, yana saɓa ta a kafaɗa yana zagaya tsakar gida har ta yi barci, ya ɗauki kusan mako biyu. Na asuba ya rage, muka bar mata shi har bayan kaka. Wata safiya, tana da shekara 2 da 'yan kwanaki, ta farka, ta sauka daga gado, ta ɗauko ɗan kwanonta na silba ta nufi murhu inda nake dama kunu, ta miƙo mini. Ba ta nema ba a ranar, ba ta nema ba washegari. Sai da aka yi kwana huɗu na lura an yaye ta.

Masu sauraro, a nan zan dakata. Allah ya raya mana zuri'a.